Laluben Hula Cikin Duhu: Lissafin da Ke Bayan Abin da Ake Kira Sa'a

An ɗauke wuta tun tsakar dare, cajin waya ya ƙare, ga shi ladan ya daɗe da kiran assalatu, ana gab da tayar da salla. Magidanci ya buɗe sif cikin duhu, ya lalubo kaftani ya zura, ya kai hannu sama inda yake jera huluna, ya kafa wadda ta fara shiga hannunsa, ya yi waje. Sai da gari ya fara haske, yana tafe daga masallaci, ya cire hular ya duba. Baƙa ce, kaftanin kuma fari tas, shigar da ya fi so duk a kayansa.

"Alhaji, da asubar nan aka ɗau wanka haka?" in ji maƙwabcinsa.

"Wallahi Malam, lalube na yi. Sa'a ce kawai."

Sa'a ce, babu musu, amma sa'a ce mai awo, kamar yadda hatsi ke da mudu. In an san yawan kaftanin da ke cikin sif ɗin da yawan hulunan, ana iya faɗin ko irin wannan dacewa abu ne na yau da gobe, ko kuwa sai an daɗe ba a gani ba. Fannin da ke wannan aiki shi ne lissafin yiwuwa, kuma tambayar riga da hula na cikin waɗanda ɗaliban babbar sakandare suka saba karo da su in suna shirin jarrabawar WAEC ko NECO. Yawancinsu sun haddace cewa ninkawa ake yi. Abin da ba kowa ke tsayawa a kai ba shi ne sharaɗin da ya halatta ninkawar, alhali a nan duk nauyin maganar yake. Rashin kula da shi ya taɓa kai mutane kurkuku, kuma har yau yana ruɗin ma'aurata a bakin asibiti.

A ɗauka Alhajin nan yana da kaftani shida: farare uku, shuɗaye biyu, ruwan ƙasa ɗaya. Hulunansa huɗu ne, duka zanna bukar, girma ɗaya, zare ne kawai ya bambanta su: baƙa ɗaya, ja ɗaya, shuɗaye biyu. Dole a ƙara da cewa hannu ba ya iya bambance su. Idan ɗaya daga cikin kaftanin sabuwar shadda ce mai ƙarar sitati, ko kuma yana da ɗabi'ar ajiye farare a gaba-gaba, to ba lalube ake yi ba, zaɓe ne a fakaice, lissafin kuma ya tashi daga nan.

In sharaɗin ya cika, yiwuwar ya ɗauko fari ita ce uku cikin shida, wato rabi. Yiwuwar baƙar hula ɗaya cikin huɗu ce, wato rubu'i. To su biyun a tare fa?

Hanya mafi aminci ita ce ƙirga. Kowane kaftani yana iya haɗuwa da kowace hula, saboda haka shida sau huɗu, shiga iri 24 ke nan ke ɓoye a sif ɗin. Daga cikinsu, waɗanda suka haɗa fari da baƙar hula uku ne rak, tunda farare uku ne, baƙar hula ɗaya. Uku cikin 24 kuwa ɗaya cikin takwas ne. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ba ya buƙatar alli kafin ya gane wannan. Ya san matar mamaci tana da rubu'i idan bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari, ya kuma san sumuni rabin rubu'i ne. Ninka yiwuwa da yiwuwa ba komai ba ne illa fitar da kaso daga cikin kaso. A rabin ranakun ne farin kaftani zai zo, a cikin waɗannan ranaku kuma rubu'insu ne kawai baƙar hula za ta biyo shi. Haka shuɗin kaftani da shuɗiyar hula: sulusi ne da rabi, rabin sulusi kuwa sudusi. Ashe ma shigar shuɗi kan shuɗi ta fi wadda Alhaji ya fi so saurin faɗowa.

Da zarar an ƙara wani sharaɗi, kason sai ya sake tsukewa. In yana da takalma ƙafa uku, ɗaya baƙi, shigar ta koma iri 72, kuma samun farin kaftani da baƙar hula da baƙin takalmi ya zama ɗaya cikin 24. Wanda ke lalube kullum zai iya cinye mako uku bai dace da ita ba.

Akwai ɗan tuntuɓe da ɗalibai kan yi tsakanin "da" da "ko". Idan an ce fari da baƙar hula, ninkawa ake yi, kaso ya ragu. Idan an ce fari ko baƙar hula, ko wanne ya samu an gamsu, to tarawa ake yi, amma a cire abin da aka ƙirga sau biyu. Shiga 12 ke da farin kaftani, shida ke da baƙar hula, uku kuma suna cikin ɓangarorin biyu. Abin da ya rage 15 ne cikin 24.

Duk wannan ya tafi daidai ne saboda dalili ɗaya: hula ba ta san wane kaftani aka ɗauko ba. Ko fari ya zo ko shuɗi, huluna huɗun suna nan yadda suke, baƙar tana nan a rubu'inta. Irin waɗannan su ne masana ke kira al'amura masu cin gashin kansu, waɗanda aukuwar ɗaya ba ta ƙara wa ɗayan komai, ba ta kuma rage masa. Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya yi gudun hijira zuwa Landan saboda tsangwamar addini, yana cikin na farko da suka fayyace wannan bambanci a rubuce, a littafinsa kan lissafin sa'a da ya fara fitowa a 1718.

Littattafan makaranta sun fi son misali da riga da wando, domin a ƙasashen da aka fara rubuta irin tambayar, daban-daban ake sayensu. A gidan Bahaushe misalin ba ya zama. Mutum ya shiga Kantin Kwari ya yanko yadi ko shadda, tela ya fitar masa da riga da wando daga ƙyalle ɗaya, mai wanki da guga ya ninke su tare. Wanda ya lalubo farar riga ya riga ya lalubo farin wando. Idan ɗalibi ya ce rabi sau rabi, ya ba da amsa rubu'i, ya ninka daidai amma ya faɗi, domin gaskiyar amsar rabi ce. Haka yake ga mace: riga da zani da ɗankwali duk daga turmin atamfa ɗaya suke fitowa. Sai an zo kan mayafi da jaka ne za a fara maganar cin gashin kai, shi ma in a duhu aka ɗauka, domin da rana ido ne ke zaɓen mayafin da zai hau da atamfar.

Gidan biki ya fi ko'ina nuna wannan. A ce kowace mace tana da atamfa iri goma. Mata biyu da ba su san juna ba su fito da iri ɗaya a kasuwa, abin a tsaya a duba ne. Amma mata talatin su shigo ɗakin taro da zane ɗaya, ba wanda zai ɗauki biro ya ce wannan ɗaya ce cikin biliyoyi. Kowa ya san anko aka fitar. Akwai wani hannu a bayan fage da ya ɗaure zaɓin kowacce da na 'yar'uwarta. Matsalar ita ce a sauran al'amuran rayuwa ankon ba ya fitowa fili haka, sai an neme shi.

Wani lokacin kuma ɗaukar farko ce da kanta ke sauya ta biyu. Yaro ɗan makaranta yana da safa goma a watse cikin jaka, baƙaƙe shida, farare huɗu. Ya zura hannu ya ciro ɗaya: yiwuwar baƙa shida cikin goma. Ya sake zurawa, amma yanzu safa tara suka rage, baƙaƙen cikinsu biyar. Shida cikin goma sau biyar cikin tara ya ba da 30 cikin 90, sulusi cif. Wanda ya manta cewa jakar ta ragu zai ce 36 cikin 100. Farare biyu kuwa 12 ne cikin 90. In an haɗa, yaron zai dace da safa masu launi ɗaya sau 42 cikin 90, ya fita da ƙafa ɗaya baƙa ɗaya fara sau 48. Rashin dacewa ya ɗan fi yawa, saboda haka uwar da ke faɗa kullum cewa ganganci ne ba lallai ta yi masa adalci ba. Maganin ma mai sauƙi ne: ya ciro uku, tunda launi biyu ne kawai, dole biyu su zo ɗaya.

Kaftanin Alhaji ma haka. In ya sa fari ranar Litinin ya mayar sif, samun fari Litinin da Talata rubu'i ne. In kuwa ya jefa shi kwandon wanki, Talata farare biyu suka rage cikin biyar, amsar ta koma ɗaya cikin biyar.

Irin wannan ƙirga mai raguwa tsohuwa ce, kuma malaman zaure sun san mai ita, ko da ba ta wannan fuska suka san shi ba. Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Basra na ƙarni na 8 wanda ya tsara ilimin aruli, da ya zo shirya ƙamusunsa Kitabul Aini ya so ya tabbata ba wata saiwar kalma da ta kuɓuce masa. Sai ya bi ta hanyar jujjuya haruffa. Larabci na da haruffa 28. In ba a maimaita harafi, na farko yana da zaɓi 28, na biyu 27, na uku 26. Saiwa mai harafi biyu ta kama 756, mai uku 19,656. Jakar safar yaron ce dai, kowace ɗauka tana rage abin da ya saura.

A koma kan hula, domin akwai wata tambaya da ke kayar da manya ma. Huluna huɗu, baƙa ɗaya, Alhaji yana lalube kullum yana mayarwa. A cikin kwana huɗu, dole ne baƙar ta zo sau ɗaya? Zuciya takan ce eh, ai rubu'i huɗu ɗaya ne cikakke. Amma ba haka ake yi ba. Kowace safiya yiwuwar ya kuskure baƙar uku ce cikin huɗu, kuma safiyar yau ba ruwanta da ta jiya. Uku cikin huɗu sau huɗu a jere ya ba da 81 cikin 256, kusan kashi 32 cikin ɗari. Ma'ana, kusan sulusin lokuta kwana huɗun za su wuce bai ga baƙar hula ba sam, a sauran kashi 68 kuma za ta zo, wani lokaci sau ɗaya, wani lokaci sau biyu ko uku. A riƙe wannan adadi na 81 cikin 256, zai sake dawowa a wurin da ya fi hula muhimmanci.

Kusan wannan ruɗani ne ya haifi fannin gaba ɗaya. A Faransa ta ƙarni na 17 akwai wani mai sha'awar caca, Antoine Gombaud, wanda aka fi sani da Chevalier de Méré. Ya san cewa in aka jefa ɗan ludo sau huɗu, samun shida, wato abin da 'yan ludo ke kira siki, ko da sau ɗaya ya fi rashinsa yawa. Sai ya ɗauka cewa jefa guda biyu sau 24 ana neman siki biyu a tare daidai yake da wancan, tunda huɗu cikin shida da 24 cikin 36 abu ɗaya ne. Lissafi na gaskiya ya nuna na farko kashi 51.8 ne cikin ɗari, na biyu 49.1. Tazarar ƙarama ce, amma ita ce tsakanin riba da asara. Tambayoyinsa ne suka isa ga Blaise Pascal, wanda ya shiga musayar wasiƙu da Pierre de Fermat a 1654, kuma daga waɗannan wasiƙu ake ƙirga farkon lissafin yiwuwa na zamani. Kafin su, likitan Italiya Gerolamo Cardano ya yi rubutu a kan haka, amma littafinsa bai fito ba sai 1663, shi kuwa ya daɗe da rasuwa.

Cewa fannin ya tashi a teburin caca ba ya nufin yana taimakon ɗan caca. In ma akwai abin da ya fi fitowa fili daga cikinsa, shi ne dalilin da ya sa mai gidan caca ke gina bene, masu shiga suna fita da aljihu a zazzage. Ranar 18 ga Agusta 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon da ake juyawa a faifai mai ramuka ja da baƙi ya faɗa baƙi sau 26 a jere. Tun daga wajen na goma sha wani abu mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, suna cewa ai yanzu kam lokacinsa ya yi. Suka yi asarar miliyoyi. Gaskiya ne launi ɗaya ya zo sau 26 a jere abu ne da yiwuwarsa ta kai kusan ɗaya cikin miliyan 67, in tun kafin a fara ake magana. Amma bayan 25 sun riga sun wuce, na 26 yana nan a 18 cikin 37, kamar na farko. Faifan ba ya riƙe bashi, kamar yadda hula ba ta tuna cewa jiya ba a ɗauke ta ba.

Matasan da ke haɗa tikitin wasannin ƙwallo a waya suna faɗawa ɗaya gefen ramin ne. Ko da mutum gwani ne har yana canka daidai sau shida cikin goma a kowane wasa, in ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, ninkawa ta mayar da shi kusan ɗaya cikin 165. Abin da ya fi cin rai shi ne, ya ci tara ya faɗi ɗaya ya fi cin goman duka yawan aukuwa kusan sau bakwai. Saboda haka kukan nan na "wasa ɗaya ne ya ɓata mini tikiti" ba alama ce ta an kusa ba. Haka lissafin yake tun asali, kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ke mayar da yaro gobe da kuɗin da ba nasa ba.

Kuskuren ɗan caca shi ne ganin alaƙa inda babu. Akwai kishiyarsa, wato ninkawa inda akwai alaƙa, kuma wannan ya fi haɗari domin masu ilimi ne suka fi yin sa, a gaban alƙali.

A watan Yuni na 1964, a birnin Los Anjelis na Amurka, aka fizge jakar wata dattijuwa. Shaidu suka ce wata farar mace ce mai gashi ruwan zinariya da ta ɗaure shi ta baya, ta gudu ta shiga mota ruwan ɗorawa wadda wani baƙar fata mai gemu da gashin baki ke tuƙawa. Aka kama wasu ma'aurata, Malcolm da Janet Collins, da suka yi kama da wannan siffa. Da shaidu suka kasa tabbatar da su, mai gabatar da ƙara ya kawo malamin lissafi ya bayyana ƙa'idar ninkawa, shi kuma ya jera adadi: motar ɗaya cikin goma, gashin baki ɗaya cikin huɗu, ɗaurin gashi ɗaya cikin goma, launin gashi ɗaya cikin uku, baƙar fata mai gemu ɗaya cikin goma, baƙi da fara a mota ɗaya kuma ɗaya cikin dubu. Da aka ninka sai ga ɗaya cikin miliyan 12. Aka same su da laifi. A 1968 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta rushe hukuncin Malcolm Collins, wanda ya ɗaukaka ƙara. Adadin ba su da wata madogara, sannan ba a nuna siffofin suna cin gashin kansu ba. Ba sai an je jami'a ba kafin a san cewa mai gemu yawanci yana da gashin baki. Riga da wando ne na yadi ɗaya aka ƙirga su kamar kaya biyu.

Na Ingila ya fi ban tausayi. Sally Clark lauya ce wadda jariranta maza biyu suka rasu, na farko a 1996, na biyu a 1998, kowanne yana da 'yan makonni. Aka tuhume ta da kashe su. Wani fitaccen farfesan lafiyar yara, Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa a gida irin nata yiwuwar jariri ya mutu farat ɗaya ba tare da sanannen dalili ba ɗaya ce cikin 8,543, saboda haka sau biyu ya zama 8,543 sau 8,543, kusan ɗaya cikin miliyan 73. A 1999 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Amma jarirai biyu na uwa ɗaya uba ɗaya, masu kwana a gida ɗaya, ba huluna ba ne a sif daban-daban. In akwai wata larura ta gado ko wani abu a muhallin da ya kashe na farko, yana nan yana jiran na biyu. A 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta ce adadin ba shi da tushe. An sake ta a watan Janairu na 2003, bayan an gano cewa ba a bayyana wa kotu sakamakon wani gwaji da ya nuna ƙwayar cuta a jikin ɗanta na biyu ba. Ba ta ƙara komawa daidai ba, ta rasu a 2007 tana da shekara 42.

Mai karatu na iya cewa, to ina ƙaddara a cikin wannan duka? Lissafin yiwuwa ba duba ba ne, ba ya kuma da'awar sanin gaibu. Ba ya cewa gobe ga hular da za ta zo. Abin da yake aunawa shi ne iyakar sanin ɗan Adam: ga abin da ke cikin sif, ga yadda zai rarrabu in an daɗe ana ɗauka. Manomin da ya dubi hadari ya ce da wuya a kwana ba a yi ruwa ba, bai shiga hurumin Ubangiji ba. Shari'a ma ta san ƙuri'a, ana kuma yin ta ne daidai inda ake son a cire son zuciya, kowa ya samu dama daidai da ta ɗan'uwansa.

Inda wannan ilimi ya fi shafar gidajen Hausawa shi ne cutar sikila, wadda aka fi sani da amosanin jini. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon cutar, kuma ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a ƙasar duk shekara. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini na gado. Yau da wuya a samu saurayi ko budurwa a birni da ba su taɓa jin AA da AS da SS ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fahimtar abin da "ɗaya cikin huɗu" ke nufi.

Mai AS kamar mutum ne mai sif da riga biyu kacal, ɗaya A ɗaya S. In uwa da uba duka AS ne, a kowane ciki uwa tana ba da ɗaya daga nata biyun, uba yana ba da ɗaya daga nasa, ba da zaɓinsu ba, kuma abin da ya fito daga uwa ba ruwansa da abin da ya fito daga uba. Rabi sau rabi, rubu'i: yiwuwar jaririn ya zo da SS, wato cutar, ke nan. Wani rubu'in AA ne, ragowar rabin kuma AS.

Da yawa suna fassara wannan da cewa in sun haifi huɗu, ɗaya ne zai zo da cutar. Wasu ma, cikin ƙauna da fatan alheri, sukan ce wa uwar da ɗanta na fari ya zo da ita, "Ki kwantar da hankalinki, Yaya, ai an riga an fitar da zakka, sauran lafiya za su zo." Maganar tana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce, kuma tana sa a yanke shawara mai nauyi a kan kuskure. Kowane ciki sabon lalube ne a sif ɗin da ba a rage masa komai ba. A nan adadin hula ya dawo: cikin gidaje 256 masu 'ya'ya huɗu da iyaye AS da AS, ana sa ran 81 ba za su samu mai SS ko ɗaya ba, 108 za su samu ɗaya, 67 kuma za su samu biyu ko fiye. Wato gidan da ya fito daidai da "ɗaya cikin huɗu" bai kai rabi ba, kuma fiye da rubu'in gidajen za su yi jinyar yara biyu ko sama da haka. Waɗancan 81 ɗin kuma su ne ake nunawa a unguwa ana cewa ga su wance, AS da AS ne, ga 'ya'yansu nan garau, likitoci tsoratarwa kawai suke yi. Ba ƙarya ake yi a kansu ba, amma su kusan sulusi ne, ba a kuma cika zagayawa a ƙirga sauran ba.

Ko anko yana da wurinsa a wannan lissafi. In saurayi da budurwa ba su haɗa jini ba, kasancewarsa AS ba ta faɗin komai a kan nata, sai a ninka kusan rubu'i da kusan rubu'i, a samu kusan aure ɗaya cikin 16 da zai haɗa masu ɗauke da ƙwayar biyu. A auren zumunci kuwa kakanni ɗaya ne, yadi ɗaya aka yanko, saboda haka in ɗan wa yana da S, yiwuwar 'yar ƙani ma tana da ita ta fi ta bare. Wannan ba hujja ba ce ta ƙyamar auren gida, wanda ya riƙe zumuncin dangi da yawa. Hujja ce ta a yi gwajin da wuri, a wurin da aka amince da shi, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ga kowa ba.

Ga waɗanda kuma aure ya riga ya haɗa, har ɗansu na fari ya zo da SS, abin da ma'aikacin lafiya mai gaskiya zai gaya musu shi ne cikin da ke tafe yana nan a kan rubu'i, na bayansa ma haka. Ana iya gwada jariri tun yana 'yan kwanaki, a fara ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka kafin ciwon farko ya kwantar da shi.